Na-Taɓa da Makeron Tsawa

A layinmu akwai wani mai aski da kowa ke kira Na-Taɓa. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Duk abin da aka ambata a gabansa, daga tuƙin jirgin sama har zuwa gyaran haƙori, sai ya ɗaga injin aski daga kan mutum ya ce, "Ai na taɓa yi." Ya taɓa gyara agogon Tela, maƙwabcin shagonsa, tun daga ranar agogon da baya yake tafiya. Ya taɓa gyara famfon gidansa, matarsa ta wuni tana kwashe ruwa daga ƙarƙashin gado. Amma askinsa ba laifi, shi ya sa muke jure surutun.

Yayansa direban babbar mota ne, kuma yana da wani baƙin kare ƙato mai gadin gida, sunansa Tsawa. In ya yi haushi sau ɗaya, kajin layin baya ma sai sun nemi maɓoya. Wata safiya sai ga Yaya riƙe da igiyar Tsawa a ƙofar shago. Doguwar tafiya ce ta taso masa, iyalinsa kuma ba sa gari.

"Ƙanena, zo ka ga wani abu," in ji Yaya. Ya lanƙwasa kunnen karen. A bayan kunnen gashi ya zube, ya bar fili zagaye kamar an danna murfin kwalba, gefensa ja, yana ɓarewa. "Susa yake ta yi ba hutawa. Ni ga mota can tana jirana. Ka kai shi wajen likitar dabbobin nan ta bayan kasuwa, yau ɗin nan. Na riga na yi mata waya."

Na-Taɓa ya leƙa, ya taɓe baki. "Yaya, wannan ɗan abin? Ai na taɓa..."

"Na san ka taɓa. Shi ya sa na ce ka kai shi. Wannan karon kada ka taɓa."

Yaya na shan kwana, Na-Taɓa ya ɗaure Tsawa a ƙafar benci, ya tsaya a kansa yana riƙe da ƙugu. Tela ya leƙo daga bayan kekensa.

"Ba ka tafi ba?"

"In tafi ina? In ja kare har bayan kasuwa saboda ciwon fata? Tela, me nake yi tun safe har yamma? Fata da gashi. Shi kare mene ne? Fata da gashi. To wa ya fi ni sanin kare a garin nan?"

"Kare."

"Yi ta dariyarka. Ka lissafa karnukan gadin da ke unguwar nan, kowanne da abin da ke damunsa, babu mai duba su a kusa. In na warkar da wannan, zan raba shagon nan biyu. Nan aski, can asibitin karnuka. Kai ma zan ba ka kwangilar ɗinkin labule."

"Allah ya sa karen ya rayu ya ga labulen," in ji Tela, ya koma ɗinkinsa.

Na-Taɓa ya ce matakin farko shi ne a ba ciwo iska. Ya jona injin aski ya kai bayan kunnen Tsawa. Karen ya zabura, injin ya zarce ya yi titi har wuya. Mai aski kuwa ba ya iya ganin aski a karkace ya ƙyale, sai ya ce bari ya daidaita ɗaya gefen. Ɗaya gefen ya fi zurfi, ya dawo ya daidaita na farko. Kafin azahar Tsawa ya zama rabi kare rabi tulu, daga kai zuwa kafaɗa tas, daga nan zuwa wutsiya gashi.

Ana cikin haka Hedimastan makarantar firamare ya shigo aski, ya zauna a kujera ya miƙa wuya. Na-Taɓa ya hura injin sau biyu, ya goga a wandonsa, ya ɗora masa a ƙeya.

"Dakata," in ji Hedimasta. "Wannan gashin da ke zubo mini a kafaɗa mai kauri haka, na waye?"

"Na wani babban kwastoma ne, ranka ya daɗe. Ba ya son a faɗi sunansa."

Tela ya yi tari har ya kusa haɗiye allura. Amma da yamma shi ma ya zo aka gyara masa gemu da injin, don ya ce ba ya jin ciwon kare na kama mutum mai hankali.

A gida Na-Taɓa ya juye akwatin magunguna a kan gado. Ya tsinci wani man shafawa da ya saya wajen mai talla a tasha, wanda aka ce masa yana kashe kowane irin ƙaiƙayi. Ya kuma tsinci ragowar wasu ƙananan fararen ƙwayoyi da aka taɓa rubuta wa surukarsa lokacin da gwiwoyinta suka kumbura.

Matarsa ta shigo ta same shi yana tura ƙwaya cikin burodi.

"Baban yara, wannan ba maganin Inna ba ne?"

"Shi ne. Kin manta yadda ya tashe ta? Matar da ba ta iya miƙewa, sai ga ta tana bin jikoki da gudu."

"Likita fa cewa ya yi kada ta wuce kwanakin da ya ɗiba mata. Kuma Inna gwiwa ce ke damunta, shi kare kunne."

"Jiki ai ɗaya ne. Jini ne ke ɗaukar magani ya kai shi inda ake nema. Ke ba ki san kimiyya ba."

"Na dai san Yaya," in ji ta. "Kuma na san girman hannunsa."

Abin mamaki, cikin 'yan kwanaki Tsawa ya daina susa. Jan da ke gefen ciwon ya dushe. Na-Taɓa ya fito da karen bakin titi yana tare duk mai wucewa.

"Ku zo ku gani da idonku! Ina susar? Ina jan? Da na kai shi bayan kasuwa da har yanzu ana auna masa zafin jiki."

A ranar ya sa aka rubuta masa allo da jan fenti: ASKI DA ASIBITIN KARNUKA. Ya aro farar rigar wani mai sayar da nama ya rataya a ƙusa, ya ce daga yanzu Dakta za a riƙa ce masa. Ya kuma ninka wa Tsawa ƙwayar, don a ganinsa abin da ɗaya ta yi, biyu za su fi.

Daga nan Tsawa ya fara shan ruwa. Ya shanye na kwanonsa, ya shanye bokitin da Na-Taɓa ke wanke tawul, ya zura kai a robar da Tela ke yayyafa wa kaya ruwa kafin guga. Ruwan da ya shiga kuwa dole ya fita. Ya jiƙa ƙafar benci, ya jiƙa tayar babur ɗin Hedimasta, ya jiƙa bandir ɗin farin yadin da Tela ya jingina a bakin ƙofa.

Tela ya fito da yadin yana ɗiga. "Dakta! Zo ka karanta mini wannan sakamakon gwajin!"

"Alhamdu lillahi," in ji Na-Taɓa. "Cutar ce ke fita ta ƙasa."

"To me ya sa ta zaɓi fita ta kan yadin mutane?"

Sai kuma yunwa. Tsawa ya cinye abincinsa, ya cinye na kajin gidan, ya cinye burodin karin kumallon yara da ledarsa. Ya cinye sabulun aski, ya wuni yana gyatsa da kumfa. Ya haɗiye rabin tef ɗin awon Tela, aka yi ta ja-in-ja, Tela na ja ta nan kare na haɗiya ta can, har dai aka rabu kowa da rabonsa. Cikinsa ya yi tulele yana lilo. Karen da ke firgita layi guda ya koma kwanciya a bakin shago yana haki, harshe a waje. Wata rana kaza ta hau bayansa ta tsaya tana gyara fiffike, ya ɗago ido ya dube ta, ya mayar da kai.

Mafi muni, zoben bayan kunne ya haihu. Ɗaya ya fito a wuya, wasu a kafaɗa, wasu a ciki, wasu suka haɗe da juna suka zama kamar taswira.

Matar Na-Taɓa ta ce, "Baban yara, da guda ɗaya aka kawo shi."

"Ɓoye suke a ciki, maganina ne ya koro su waje. In ba su fito ba ta yaya za a kashe su?"

Ba a daɗe ba layinmu ya kama susa. Hedimasta ya fara shiga aji da rula a hannu, ba don dukan kowa ba, don ƙeyarsa. Gemun Tela ya yi fili a gefe ɗaya, zagaye tsaf. Mai gyaran babur, mai sayar da katin waya, duk wanda ya zauna a kujerar nan ya tashi da tsarabarsa. Suka taru suka zo shago.

"Zafin gari ne," in ji Na-Taɓa. "Ku yi layi."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya lakuta musu man tasha. Washegari ƙaiƙayi ya lafa, har Hedimasta ya aiko da godiya. Bayan 'yan kwanaki zoben ƙeyarsa ya faɗaɗa ya kai girman bakin kofi.

Shi kansa Dakta sai aka ga ya fara sa wata hular ulu mai rufe kunne, ana tsakiyar zafi. Da ita yake aski, da ita yake cin abinci, da ita yake kwanciya. In ya ga ba mai kallo sai ya zura mataji ta ƙarƙashinta ya yi ta kartar kai, idanu a lumshe. Matarsa ta kama shi sau ɗaya. Ta ɗauki wayarta ta shiga kicin ta rufo ƙofa.

Shi kuwa ya riga ya sa ranar buɗe asibiti. Damuwarsa ɗaya, kada baƙi su ga zobban Tsawa su yi masa mummunar fahimta. Ya lallaɓa Tela ya ɗinka wa karen riga daga yadin nan da ya lalace, mai hannu huɗu da maɓallai a baya.

"Ta marasa lafiya ce," in ji shi. "Haka ake yi a manyan asibitoci."

"Na ɗinka wa ango, na ɗinka wa jariri," in ji Tela. "Yau ga ni ina auna ƙugun kare da rabin tef."

Ranar buɗewa aka jera bencuna a gaban shago. Mutane suka cika, rabinsu don kallo, rabinsu suna susa. Wasu sun zo da karnukansu, wata tsohuwa ta zo da akuya ta ce a duba mata ita tunda an zo. An ɗaura jan ƙyalle a ƙofa, an ajiye farantin biskit da lemon kwalba a kan tebur, an ba Hedimasta almakashi a matsayin babban baƙo. Na-Taɓa ya fito cikin farar riga da hular ulu, gumi na bin wuyansa, yana jan Tsawa cikin tasa farar rigar.

"Jama'a," ya fara, "wannan kare da kuke gani, an kawo mini shi rai a hannun Allah. Likitoci sun gaza."

"Wane likita ya gan shi?" wani ya tambaya daga baya.

"Da sun gan shi da sun gaza. Ku dube shi yanzu. Da can ƙashi ne da fata, yau ga ƙiba, ga natsuwa, ga ladabi."

Yana rufe baki mai ladabi ya hango biskit. Ya fizge igiya, ya ɗora ƙafafun gaba a tebur, tebur ya kife, kwalabe suka tarwatse. Ya share farantin tas, ya haɗa da jan ƙyallen ƙofa, sannan ya juyo ya ɗaga ƙafa a kan takalmin babban baƙo. Sauran karnuka suka ɗauki haushi, akuya ta tsinke ta shige shagon Tela. Maɓallan rigar Tsawa suka kasa riƙe cikin, suka fara tsalle ɗaya bayan ɗaya, rigar ta zame ta faɗi.

Zobban suka bayyana a idon kowa. Masu karnuka suka fara ja da baya da dabbobinsu.

Daidai nan Yaya ya ratso taron, ƙurar hanya ba ta bar jikinsa ba. A bayansa wata mata ce mai tabarau riƙe da jaka, likitar dabbobin bayan kasuwa. A bayanta kuma matar Na-Taɓa, ta harɗe hannuwa.

"Ina karena?" in ji Yaya.

"Ga shi nan, Yaya. Sannu da hanya."

"Ban tambaye ka tunkiya mai ciki ba. Ina Tsawa?"

Jin muryar maigidansa, karen ya kaɗa wutsiya, ya tako da ƙyar ya kwanta a kan ƙafarsa yana haki. Yaya ya durƙusa ya dafa kansa. Da ya ɗago, Na-Taɓa ya koma bayan Hedimasta.

Likita ta sa safar hannu ta duba fatar, ta taɓa cikin, ta buɗe bakin. "Me ake ba shi?"

"Sirrin sana'a ne," in ji Na-Taɓa daga inda yake.

Matarsa ta miƙa mata kwalin ƙwayoyin da bututun man. Likita ta karanta, ta cire tabarau, ta sake mayarwa.

"Malam, ciwon karen nan makero ne. Dangin fumfuna ne, irin wadda ke fitowa a jikin tsohon burodi, sai dai wannan fata take ci. Waɗannan biyun kuma da ka ba shi, duka sitiroyid ne. Ba sa kashe makero. Ƙaiƙayin kawai suke rufe wa baki, su kwantar da garkuwar jiki, cutar ta samu fili ta yi ta yaɗuwa. Shan ruwan nan, da fitsarin, da yunwar, da hakin, da wannan cikin, duk aikin ƙwayar ne. Da an ƙara lokaci a haka, da zancen ya wuce na fata."

"Wannan ra'ayinki ne, abokiyar aiki."

"Kada ka ƙara ce mini abokiyar aiki. A shigo da shi ciki, a rufe ƙofa da taga."

Aka shige shagon aski, duk wanda ya samu wuri ya cusa kai. Likita ta fito da wata 'yar fitila mai shuɗin haske. Ta ce ba kowane irin makero ke nunawa a ƙarƙashinta ba, amma wani irin yakan yi haske. Ta haska Tsawa. Gashin gefen zobban ya ɗauki wani kore-kore, kunne, wuya, kafaɗa, kamar an yi masa ado.

Jama'a suka ce, "Kai!"

Hedimasta ya sunkuyo don ya gani da kyau, hasken ya faɗa a ƙeyarsa. Kore.

"Ranka ya daɗe, kai ma ka kama!" in ji Tela yana dariya. Likita ta juyo da fitilar. Gefen gemun Tela ya amsa.

"Da me aka aske karen nan?" ta tambaya.

Ta kai hasken kan teburin aski. Guntayen gashin da ke maƙale a haƙoran injin suka yi ƙyalli, haka buroshi, haka mataji.

"Babban kwastoma," in ji Hedimasta a hankali. "Wanda ba ya son a faɗi sunansa."

Na-Taɓa ya fara laluben sakatar ƙofa. Yaya ya miƙa hannu ɗaya ya cafke wuyan farar rigar, ya sa ɗayan ya tsige hular ulu. Likita ba ta ma matsa kusa ba. Kan Dakta ya haska daga goshi har ƙeya, zobe cikin zobe, ya fi na karen yawa. Wata mata da ke leƙe ta tsagar tagar baya ta ƙwala wa na waje kira, "Ku zo ku ga kan Dakta, ya fi fitilar titi!"

Da aka buɗe ƙofa, dariya ta riga ta kai bakin kasuwa. Masu susa kuwa ba dariya suke ba. Mai gyaran babur ya ɗauko sifana, sai da Yaya ya tsaya a tsakani ya ce ƙanensa ne, shi zai fara hukunta shi.

Likita ta rubuta wa Tsawa maganin makero na sha da sabulun wanka na musamman. Ta ce za a ɗauki makonni, a wanke shimfiɗarsa, a tsabtace duk kayan askin nan kafin su sake taɓa kan wani. Mutane kuma su daina shafa man tasha, su tafi asibiti, don ita dabbobi take dubawa.

"To ki haɗa da wannan," in ji Tela yana nuna Na-Taɓa. "Bai fita daga layinki ba."

"Saura abu ɗaya," in ji likita. "Ƙwayar nan kada a yanke masa ita lokaci guda. Jikinsa ya saba, in aka tsayar kwatsam zai iya faɗuwa. Za a ci gaba da ba shi ana ragewa kaɗan-kaɗan, yadda zan tsara, har a daina."

Na-Taɓa ya ɗago kai, idanunsa suka kawo haske. Ya juya ga taron ya ɗaga hannu biyu.

"Kun ji da kunnenku! Jama'a ku shaida! Ta ce a ci gaba da maganina!"

Matarsa ta karɓe kwalin daga hannun likita ta ƙulle a bakin zaninta. Yaya kuma ya ciro allon asibitin ya karya a gwiwarsa, ya yanke hukunci: wankan Tsawa duka a wuyan ƙanensa yake, kuma a bakin shago, inda kowa zai gani.

Haka aka yi. Shago ya zauna ba kwastoma, mu duka muka koma aski a layin gaba. Ranar wanka sai ka ga Na-Taɓa ya saɓe Tsawa da kumfa tun daga kunne har wutsiya. Sabulun ba a wanke shi nan take, sai ya ɗan jima a jiki, Na-Taɓa ma kuma asibiti sun ba shi irin nasa na kai. Don haka sukan zauna tare a rana, shi a kan benci, kare a gefensa, kowanne fari fat da kumfa, suna jiran lokaci ya cika. A hankali cikin Tsawa ya sace, gashi ya fara tsirowa, har ran nan ya yi wa kazar nan haushin da ya sa ta haura katanga.

Wani baƙo da ya zo wucewa ya tsaya ya daɗe yana kallon su biyun. Ya matsa wajen Tela ya rage murya.

"Malam, don Allah, a cikinsu wane ne marar lafiyar?"

Tela ya ciji zare ya tofar.

"Duka biyun. Amma mai wutsiyar ya fara samun sauƙi."